Sallah a baƙunta: Yadda ɗaliban Zazzau ke yin Idi nesa da gida

A duk ranar Sallah, idan Sarkin Zazzau ya taso daga filin Idi na Ƙofar Doka ya nufi fada bisa doki, akwai 'ya'yan birnin da dama da ba sa cikin taron. Wasunsu suna Alƙahira ko Madina, wasu suna Landan, Istanbul ko Kuala Lumpur, inda neman ilimi ya kai su.

A daidai wannan lokaci kuma, a cikin ganuwar birnin da kewayenta, akwai wasu ɗaliban da su ma baƙi ne. Sun baro iyayensu a Maraɗi, ko Garwa, ko Ilori, sun zo karatu Zariya, Sallah kuma ta riske su a nan.

Ibadar da ke cikin Sallah dai ana iya yin ta a ko'ina. Abin da ke yi wa ɗalibi wuyar samu a baƙunta shi ne zumuncin da ke kewaye da ita. Ga bayani a kan abin da ɗalibin ke barowa a gida, da abin da yake tararwa a can, da kuma dabarun da ake bi domin cike giɓin.

Sallah a cikin birni

A Birnin Zariya shirin Sallah kan fara ne tun kafin a ga wata. Birnin ya yi suna wajen ɗinkin manyan riguna da aikin hannu, irin su aska biyu da aska takwas, don haka tun tsakiyar azumi teloli da masu ɗinkin hannu ke raba dare suna aiki.

A jajibere mata kan yi kitso da lalle, a soya cincin da dubulan, a tanadi alkaki da nakiya. Samari kuma kan aika da toshin Sallah gidajen da suke neman aure.

Da safiyar Sallah jama'a kan fita Idi cikin sababbin tufafi. Bayan an idar sai Sarki ya hau, hakimai da masu sarauta na biye da shi, kowa da tawagarsa, ana busa kakaki da algaita, 'yan bindiga na harbi, har a isa Ƙofar Fada inda mahaya ke yin jafi. A kwanakin da ke biye akan yi Hawan Bariki, wanda ya samo asali daga gaisuwar da sarakuna ke kai wa Razdan a zamanin Turawa, da kuma Hawan Daushe.

Gidajen sarauta huɗu ne a Zazzau: Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa. Sarki na yanzu, Malam Ahmed Nuhu Bamalli, daga gidan Mallawa ya fito, ya kuma hau gadon sarauta a watan Oktoban 2020 bayan rasuwar Alhaji Shehu Idris, wanda ya shekara 45 yana mulki. Ga wanda ya tashi a unguwannin da ke kewaye da fada, da wuya a rasa wani ɗan'uwansa ko maƙwabcinsa a cikin mahayan.

To sai dai hawa ɓangare ɗaya ne kawai. Mafi yawan ranar a cikin gidaje take ƙarewa. Akan yi ta musayar kwanukan tuwo da waina tsakanin maƙwabta da dangi. Yara kan bazama yawon Sallah suna karɓar goron Sallah. Magidanta kan je gaida iyaye da surukai da malamansu, kuma a irin wannan gaisuwa ce ake yafe wa juna, a sasanta waɗanda suka yi saɓani a cikin shekara.

Garin da ya saba da baƙon ɗalibi

Tun kafin zuwan Turawa Zariya ta shahara da karatun addini, musamman nahawu da lugga. Ɗalibai kan taso daga sassan ƙasar Hausa da Barno da Adamawa da ƙasar Nufe, su sauka a zaurukan malamai a unguwanni irin su Juma da Kona, wasu su shekara da shekaru ba su leƙa gida ba.

Al'ada ta tanadar wa irin wannan baƙo matsayi. Malaminsa shi ne madadin mahaifinsa. Ƙaramin almajiri kan sami uwar ɗaki a wani gida da yake yi wa aike, ita kuma ta riƙa ba shi abinci, idan hali ya yi ta haɗa shi da 'ya'yanta wajen ɗinkin Sallah. Babban ɗalibi kuwa kan sami maigida a unguwa, wanda ba ya mantawa da shi ranar tuwon Sallah ko rabon naman layya.

Ilimin boko ya ƙara yawan baƙin. Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921 ta koma Kaduna a 1938, sannan ta dawo Zariya a 1949, ita ce daga baya aka sa wa suna Kwalejin Barewa. An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru a watan Oktoban 1962, sai kuma Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama a 1964, wadda ta horar da ɗalibai daga ƙasashen Afirka da dama.

Har gobe idan hutun Sallah ya zo gajere, ko kuɗin mota ya gagara, ko kuma ana fargabar hanya, ɗalibai da yawa kan zauna a makaranta. Abin da aka saba gani shi ne abokan karatunsu 'yan cikin birni su kwashe su zuwa gida, a ci tuwo tare, a tafi kallon hawa tare.

Tarihin fita neman ilimi

Fita ƙasashen waje domin karatu tsohon abu ne a wannan yanki. Tun a tsakiyar ƙarni na 13 mutanen daular Kanem suka kafa makaranta da masauki a Alƙahira saboda ɗalibansu da alhazansu. Masu tafiya Hajji ta ƙasa, ta Chadi da Sudan, sukan tsaya shekaru a hanya suna karatu, wasu ma ba su dawo ba.

A zamanin Turawa sai aka buɗe wata hanyar. Dakta Barau Dikko, wanda ya fito daga al'ummar Kiristocin Hausawa da aka sani da Wusasa a gefen Zariya, ya yi karatun likita a Birmingham, ya zama likita na farko daga arewacin Nijeriya. Su ma irinsa sun ɗanɗani yin Kirsimeti nesa da dangi.

A 1943 Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da ake bugawa a Zariya, ya je Ingila cikin tawagar 'yan jaridun Afirka ta Yamma, ya kuma rubuta labarin tafiyar a littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi karatun koyarwa a Landan daga 1945 zuwa 1946, Malam Aminu Kano ya biyo bayansa. A tsakiyar shekarun 1950 aka tura wasu malaman Larabci, ciki har da Malam Abubakar Gumi, zuwa kwalejin Bakht al-Ruda da ke Sudan.

Bayan samun 'yancin kai ƙofofin suka yawaita. Jami'ar Azhar ta Masar da Jami'ar Musulunci ta Madina, wadda aka kafa a 1961, sun ɗauki ɗalibai da dama. Malaman Jami'ar Ahmadu Bello kan tafi Birtaniya da Amurka neman manyan digiri. Daga shekarun 2000 kuma Malesiya, Indiya, Turkiyya, Sudan da China suka shiga sahu.

Yaushe ne Sallar?

Tambayar farko da ke fuskantar ɗalibi a baƙunta ita ce ta rana. A Nijeriya Sarkin Musulmi ne ke sanar da ganin wata, kuma tun daga Nuwamban 2006 Alhaji Muhammad Sa'ad Abubakar ne ke kan wannan kujera. Amma kowace ƙasa da tsarinta.

Turkiyya na bin lissafin taurari, tana kuma fitar da ranakun tun kafin shekara ta kama. A Saudiyya Kotun Ƙoli ce ke tabbatar da shaidar gani. Maroko da Indiya da Pakistan sau da yawa sukan yi Sallah kwana ɗaya bayan Saudiyya. A Birtaniya, inda babu hukuma ɗaya da kowa ke bi, wasu masallatai na bin Saudiyya, wasu na bin Maroko, don haka a gari ɗaya akan yi Idi a ranaku biyu.

Sakamakon haka, yana yiwuwa ɗalibi na ɗauke da azumi yayin da ake hawa a Ƙofar Fada, ko kuma ya sha ruwa ya yi Idi alhali iyayensa na cika talatin. Abin da akasarin malamai ke faɗa shi ne mutum ya bi jama'ar garin da yake zaune.

Ko da ranar ta zo ɗaya, agogo kan raba su. Saudiyya na gaban Nijeriya da awa biyu, Indiya da awa huɗu da rabi, Malesiya da China da awa bakwai. Lokacin da ake sahu a Kuala Lumpur, ƙarfe ɗayan dare ne a Zariya. Lokacin da ake sahu a Zariya kuwa, ɗalibin da ke New York bai ko tashi sallar Asuba ba.

Sallah a cikin aji

Shekarar Musulunci kwana 354 ce ko 355, wato ta gaza ta Miladiyya da kwana goma ko goma sha ɗaya. Saboda haka Sallah na zagaya dukkan yanayin shekara cikin kimanin shekara 33. A shekarar 2000 ma sau biyu aka yi Ƙaramar Sallah, ɗaya a Janairu, ɗaya a Disamba.

A Zariya wannan zagaye bai cika sauya tsawon wuni ba, domin azumi na kaiwa awa 13 zuwa 14 ne a kowane lokaci. A arewacin Turai kuwa, idan ya faɗo a bazararsu yakan kai awa 18 ko fiye. Daga 2016 zuwa 2019 azumi ya riƙa faɗowa tsakanin Mayu da farkon Yuli, wato ya haɗu da lokacin jarrabawa a jami'o'in Birtaniya da dama.

A Nijeriya gwamnatin tarayya kan ba da hutun aƙalla kwana biyu a kowace Sallah. A Masar, Sudan, Saudiyya, Turkiyya da Malesiya ma ranakun hutu ne. A Turkiyya hutun Ƙaramar Sallah kwana uku ne, na Babba kwana huɗu.

A Birtaniya da Jamus da akasarin Amurka kuwa ranar aiki ce kamar kowace. Akwai wuraren da aka sami sauyi, misali birnin New York, wanda tun 2015 yake rufe makarantun gwamnati a ranakun Idi biyu. Amma ɗalibin jami'a yawanci sai ya nemi izini tun da wuri, kuma ba kasafai ake ɗaga jarrabawa saboda shi ba. Wannan ne ya sa manyan masallatai a can ke yin jam'in Idi sau biyu ko uku a safiya ɗaya, domin kowa ya sami wanda ya dace da aikinsa.

A sahun Idi

Mutanen Zazzau, kamar sauran ƙasar Hausa, Malikawa ne. A wurinsu kabbara bakwai ake yi a raka'ar farko ta Idi har da ta harama, shida a ta biyu har da ta miƙewa, duk kafin karatu.

Ɗalibin da ya bi limami Bahanafe, kamar yadda ake samu a Turkiyya da Indiya da masallatan 'yan Pakistan a Ingila, zai ga ƙarin kabbara uku ne kawai a kowace raka'a, kuma a ta biyu sai bayan karatu ake yin su, dab da ruku'u. Sabon zuwa kan duƙa shi kaɗai yayin da sauran sahu ke tsaye. A Malesiya, inda ake bin Shafi'iyya, lissafin ya ɗan bambanta da na gida. Malamai da dama dai na cewa mamu limaminsa yake bi, sallarsa kuma ta yi.

Sai batun zakkar fidda kai, wadda a gida ake aunawa da mudun Annabi huɗu na gero, dawa, masara ko shinkafa a kan kowane mutum. A mazhabar Malikiyya matafiyi kan fitar a inda yake, idan kuma iyalinsa suka fitar masa a gida ta wadatar. Ɗalibai da yawa wannan na biyun suke bi, ganin cewa a Turai da Amurka kuɗi masallatai ke karɓa, kuma mabuƙatan da suka sani suna gida.

Layya

Kimanin kwana saba'in bayan Ƙaramar Sallah ake yin Babba, ranar goma ga Zulhajji. A Zariya sai liman ya yanka ragonsa sannan magidanta ke komawa gida su yanka nasu. Akan soya kayan ciki a ranar, gidaje da yawa kuma kan rataye naman ya kwana, washegari a yi rabo da suya.

A Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai doka ta tanadi a yi yanka a mayankar da hukuma ta amince da ita. Mai son layya kan biya mahauci tun da wuri, ya karɓi namansa a kwali, wani lokaci bayan kwana ɗaya ko biyu.

Layya sunna ce mai ƙarfi a kan wanda ke da hali, don haka akasarin ɗalibai ba ta hau kansu ba. Waɗanda ke da iyali ko ɗan abin hannu sukan aika kuɗi gida a saya musu rago a yanka da sunansu. Ta haka iyaye da maƙwabta ke cin naman, ko da mai shi bai ɗanɗana ba.

Ɗaliban Saudiyya kuwa Babbar Sallah na zo musu da wata dama. Da yawa daga cikinsu kan yi aikin Hajji, wasu kuma su yi wa alhazan Nijeriya tafinta da jagora, inda sukan yi kiciɓis da 'yan unguwarsu a Mina ko Arfa.

Tukunyar baƙunta

Kusan duk ɗalibin da zai bar Zariya, jakarsa ba ta rasa kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa da yaji. Amma akwai iyaka. Birtaniya da Amurka sun hana matafiyi daga Nijeriya shiga da nama a cikin kayansa, don haka kilishi da dambun naman da uwa ta kwana tana yi kan iya ƙarewa a hannun jami'an kwastan.

Sauran sai dabara. Akan tuƙa tuwo da garin shinkafa ko garin semo. Kabewar Turawa da alayyahonsu kan shiga miyar taushe, man gyaɗar kwalba ya maye gurbin niƙaƙƙiyar gyaɗa. Wanda ya yi sa'ar zuwa da tanda, ɗakinsa ne ke zama gidan waina. Samari da dama da ba su taɓa riƙe muciya a gida ba, a irin wannan rana suke koyo, ana ba su umarni ta waya daga cikin birni.

Ɗaliban Sudan da Saudiyya sun fi samun sauƙi, saboda tsofaffin al'ummomin Hausawa da ke can. A Sudan akwai garuruwa irin su Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, wanda zuriyar Sarkin Musulmi Attahiru da mabiyansa suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. A Makka da Madina da Jidda ma akwai unguwannin da ake jin Hausa ana kuma sayar da abincin gida.

Ƙungiyoyin ɗalibai ne ke ɗaukar nauyin taron Sallah a wurare da yawa. Akan yi karo-karo, a kama ɗaki a jami'a ko a fita wani lambu, kowa ya zo da abin da ya dafa. A irin wannan taro Bazazzagi da Bakano da Bayarabe da mutumin Damagaram kan zauna a tabarma ɗaya, barkwancin da ke tsakanin Zage-zagi da Kanawa kuma ya sami fili.

Al'adun masu masauki

Yin Sallah a wata ƙasa na nuna wa ɗalibi cewa kowace al'umma da irin nata bikin. A Masar akan yi wani biskit mai suna kahk a Ƙaramar Sallah, a ci fatta a Babba, yara kuma su karɓi idiyya, wadda ita ce goron Sallarsu. A Turkiyya yara kan sumbaci hannun manya su ɗora a goshi, a raba alewa da baklawa. A Indiya da Pakistan taliya ce siririya ake dafawa da madara da sukari.

A Malesiya birane kan zama kamar an share su, domin jama'a kan koma ƙauyukansu. Sai dai suna da al'adar buɗe gida ga kowa, inda baƙo ke iya shiga ya ci abinci ko da bai san mai gidan ba, ana kuma ci gaba da haka kusan duk watan Shawwal. Wannan na daga cikin abubuwan da suka fi kama da na gida.

Babbar riga da hular zanna su ma kan yi nasu aikin. A filin Idi na ƙasar waje da su ake gane ɗan arewa tun daga nesa, kuma abota da dama daga nan take farawa.

Daga wasiƙa zuwa bidiyo

Ɗaliban shekarun 1960 da 1970 wasiƙa suke rubutowa, ta yi makonni a hanya, sau da yawa ta iso bayan an manta da Sallar. Daga baya aka shiga ɗaukar murya a kaset, a ba wa alhaji ko wani matafiyi ya kai, a taru a tsakar gida a saurara. Filayen gaishe-gaishe na gidajen rediyo, irin su Rediyon Kaduna da ya fara aiki a 1962, su ma sun isar da saƙonni masu yawa.

Wayar tarho ta gida ba kowa ke da ita ba. Akan sa rana da lokaci, iyaye su je gidan wani mai hali ko ofis su zauna jiran kira. Zuwan wayar salula a Agustan 2001 ne ya sauya wannan, sai kuma kiran bidiyo na WhatsApp daga 2016.

A yau ɗalibi na iya kallon hawa kai tsaye a Facebook, ƙaninsa ya zaga da waya ɗaki-ɗaki ya gaida kowa, ya kuma tura wa ƙannensa goron Sallah ta banki. Duk da haka masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa sun daɗe suna lura cewa ranakun biki na daga cikin lokutan da kaɗaici ya fi tsananta ga wanda ke nesa da iyali. Ganin kowa a taru a allo, sannan a kashe waya ɗaki ya yi tsit, kan ƙara kewa a maimakon rage ta. Shi ya sa tsofaffin ɗalibai ke jan hankalin sababbi da kada su wuni su kaɗai a ɗaki.

Kuɗi da biza

Abin da ya fi hana ɗalibi zuwa gida Sallah shi ne kuɗin jirgi. Lamarin ya ƙara tsanani bayan da gwamnatin Nijeriya ta saki darajar naira a Yunin 2023. Dalar da a hukumance take kusan naira 460 ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Iyayen da ke biyan kuɗin makaranta daga aljihunsu suka ga nauyin ya ninka sau uku, waɗanda ke kan tallafin karatu kuma abin da ake ba su ya daina isa.

Dokokin shige da fice ma na da tasiri. Daga Janairun 2024 Birtaniya ta hana akasarin ɗaliban digiri na biyu zuwa da iyalansu, in ban da masu digirin bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Hakan na nufin magidanci na iya yin Sallah biyu ko fiye ba tare da matarsa da 'ya'yansa ba, su kuma su yi tasu a gidan kakanni.

Shekarun da Sallah ta zo cikin tsanani

A 2020 annobar korona ta mai da kowa baƙo a inda yake. Nijeriya ta rufe filayen jiragen samanta ga jiragen ƙasashen waje daga ƙarshen Maris har zuwa farkon Satumba, wato Sallolin biyu duk sun wuce a ciki. Ƙaramar Sallah ta zo ana cikin dokar kulle a jihar Kaduna, masarautun arewa da dama kuma suka soke hawa. A wannan shekarar ce gwamnonin arewa suka yi ta mai da almajirai jihohinsu na asali.

A 2023 kuwa yaƙi ya ɓarke a Khartoum ranar 15 ga Afrilu tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF, ana cikin goman ƙarshe na azumi. Ɗaliban Nijeriya da ke can, waɗanda da yawansu 'yan arewa ne, sun yi Sallar ranar Juma'a 21 ga Afrilu a ɓoye cikin ɗakunan kwanansu, ga ƙarancin ruwa da abinci, ga ƙarar bindigogi.

Sai a makon da ya biyo baya aka fara kwashe su a motocin safa zuwa iyakar Masar, inda suka yi kwanaki suna jiran izinin shiga. Rukunin farko ya sauka Abuja ranar 3 ga Mayu, wasu kuma aka ɗebo su ta Port Sudan. A gidaje da dama na Zariya da Kano da Katsina, Sallar wannan shekara a bakin waya da rediyo aka yi ta.

Bayan an dawo

Waɗanda suka kammala karatu suka dawo sukan tarar da sauye-sauye. Wasu tsofaffin da aka saba kai wa gaisuwa sun rasu, yaran da aka bari suna yawon Sallah sun zama masu bayar da goron Sallah. Wanda ya tafi kafin 2020 ya dawo bayanta ya tarar da sabon Sarki a ƙarƙashin laima.

Akan kuma dawo da sababbin halaye. Wani ya koyi shiga madafi ya taya matarsa aiki, wani ya dawo da ɗabi'ar buɗe gida ga duk mai shigowa. Da yawa daga cikinsu a makarantun Zariya suke samun aikin koyarwa, inda a kowace shekara suke da ɗalibai daga nesa da ba su sami zuwa gida ba. A gidajen irin waɗannan malamai, a Samaru da Kongo da cikin birni, ba abin mamaki ba ne a ga an shimfiɗa tabarma ta musamman ranar Sallah saboda ɗaliban da suka rage a makaranta.